Takalman Kawu

Daga Allah muka zo, kuma Kawu ya riga mu komawa gare shi. Ina wannan rubutu ne tun ba a gama mayar da tabarmin makoki gidajen masu su ba, don na san halin unguwarmu. Nan da baɗi an manta da muryarsa, sai dai in zance ya biyo a ce, "Allah sarki, marigayi mai zuwa jana'iza."

Abin da kowa ya yi ta faɗa ke nan a kwanakin zaman makoki. Maza a ƙofar gida, mata a tsakar gida, bakinsu ɗaya: kaf Madabo babu gawar da Kawu bai raka ba. Wata tsohuwa mai ƙosai ta dafa gwiwar Umma, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta ce, "Ranar da maigidana ya rasu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, 'yan'uwansa ma sai da suka jira ya tsagaita. Amma Malam da yaron nan nasa suna ƙofar gida a tsaye, sun jiƙe sharkaf." Liman kuwa, an ce mana, cewa ya yi yana ƙyashin ladan da bawan Allahn nan ya tara. Akwai wani tela na lungun bayanmu, ba dangin iya ba na baba, da ya yi kukan da har sai da 'ya'yan mamacin suka koma ba shi haƙuri.

In an gama yabo kuma sai murya ta yi ƙasa. Mace ta gyara mayafi, ta matso, ta ce, "To shi wannan bawan Allah fa, wa zai riƙe shi?" Auta suke nufi, ɗan Kawu na ƙarshe. Babu mai jiran amsa. Da an faɗa sai a ce Allah ya raya abin da ya bari, a shafa, a nemi takalmi.

Ina zaune kusa da Umma ina amsa gaisuwa har bakina ya bushe, raina kuma a ɓace. Ba ƙarya suka yi masa ba, ya je jana'izar kowa. Lada ma yana so, wane Musulmi ne ba ya so? Amma ba lada kaɗai ke fitar da shi cikin ruwa da rana ba. Tsoro ne. Kawu ya shafe shekaru yana koya wa Auta mutuwa, don ranar da tasa ta zo yaron ya gane, kada ya zauna jiran wanda ba zai dawo ba. Burinsa ɗaya tak a duniya: Auta ya sa kafaɗa a makararsa, ya zuba masa ƙasa da hannunsa.

A gidan Kawu na tashi, shi da matarsa Iya suka riƙe ni tun ina ƙarama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata", kuma abin da ba zai faɗa wa 'ya'yan cikinsa ba ni yakan faɗa wa. Auta ya girme ni da kaɗan. Lafiya lau aka haife shi, sai yana ɗan shekara biyu wani zazzaɓi mai jijjiga ya kwantar da shi. Ya tashi, jiki ya ci gaba da girma, hankali ya tsaya. An je asibiti, an sha rubutu, an yi turare, duk abin da aka ce musu su yi sun yi. Yau Auta ya haura arba'in, da furfura a gemunsa, amma bai raba jiya da gobe ba. Yana cin abinci da kansa, yana alwala in da wani a gefensa yana yi. Abu ɗaya muka sani game da shi: abin da aka faɗa masa da baki ba ya zama, abin da ya gani da ido ya taɓa da hannu kuwa ba ya fita.

Kawu marini ne ɗan marina, ya gaji rijiyar rini a karofin Ƙofar Mata. Ina tuna hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, in ya ba mu ƙuli muna tsokanarsa wai ya rina mana. Wata rana Iya ba ta da lafiya, ya tafi da Auta wajen aiki. Ya sunkuya yana matse zane, da ya ɗago sai ya ga yaron tsugune a bakin wata rijiya, ya leƙa kai ciki yana wasa da kumfar ruwan rini. Babu abin da ya faru. Ya lallaɓa ya ɗauke shi, ya saɓa a kafaɗa, suka dawo gida. Daga ranar bai sake tsoma hannu a rini ba. Ya bar wa wani ɗan'uwansa rijiyar, ya sa gungume a soron gida ya koma bugun shadda, sana'ar da a da yake yi wa masu ita dariya. Dalilinsa shi ne daga inda yake zaune yana ganin ƙofa. Sannu a hankali shuɗin ya bar hannunsa, ya saura a gefen farce kawai.

Duk wanda ya san Kawu ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya tambayi Auta. Ka ce, "Kawu ina kwana," ya ce, "Ina Auta?" Ko da Autan na zaune a bayansa yana ɓare gyaɗa. In ka nuna masa shi, sai ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya ce, "Lafiya lau, ya mutan gidan?" A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, yaron a jikin bango, shi a gefensa. Ban taɓa ganin ya cinye abinci a zama ɗaya ba, loma biyu uku ya miƙe ya leƙa lungu. In yara suka biyo Auta da waƙar tsokana, ba ya zaginsu, fitowa yake ya tsaya kawai yana kallonsu har su watse, sannan ya koma ciki.

Da hawan jini ya kama shi na raka shi asibiti. Muna fitowa ya dube ni yana 'yar dariya ya ce, "Uwata, kin ji likita? Wai in rage tunani. Na so in tambaye shi wajen wa ake kai ajiyarsa." Na yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya ce mu yi sauri, an bar Auta da yara.

Iya ta fi shi iya ɓoye damuwa, amma ita ta fara tafiya. Auta na wajen shekara ashirin lokacin. Ranar Kawu ba ya cikin hayyacinsa, mata suka yi abin da aka saba yi, aka janye Auta zuwa gidan maƙwabta har aka kai ta aka dawo. Da yamma ya shigo yana leƙa ɗaki, yana leƙa madafi, yana kiran Iya. Umma ce tausayi ya kama, ta rungume shi ta ce, "Yi shiru, Iya ta tafi Makka, za ta kawo maka tsaraba." Ya yi shiru kuwa. Kowa ya ce Umma ta yi dabara.

Wannan dabara ita ta cinye mana shekaru. Auta ya taɓa ganin maƙwabta sun tafi Makka sun dawo da dabino da zamzam, don haka maganar ta zauna masa daram. In jirgi ya wuce ya fito da gudu yana ɗaga hannu. In alhazai suka fara dawowa babu mai iya riƙe shi, duk gidan da ya ji guɗa sai ya kutsa, ya bi fuskar mata ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya zauna a soro ya ƙi cin abinci. Kawu ya zaunar da shi ya fi a ƙirga yana ce masa, "Iya ta rasu, ba za ta dawo ba." Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Eh, ta tafi Makka." Wata shekara ya bi wata mata mai irin mayafin Iya har unguwar Zaitawa, sai bayan la'asar aka dawo mana da shi, ƙafarsa duk ta fashe.

A ranar ne na ga faɗan da ban taɓa gani ba tsakanin Kawu da Umma. Ta zo jaje, ta ce, "Yaya, ai sai haƙuri, yaron nan Allah ne ke tsaronsa."

Kawu ya ce, "Ke kika aika uwarsa Makka, sai ki je ki ɗauko masa ita."

Umma ta ce, "Haba Yaya! Don na rarrashi maraya?"

Ya ce, "Kin rarrashe shi na yini ɗaya, kin tafi gidanki kin yi barci. Ni aka bar wa sauran."

Umma ta fita tana kuka. Sun daɗe ba sa ga maciji, sai da azumi ya zo ya aika mata da gero da sukari, ta aiko masa da kunun tsamiya, maganar ta mutu a haka ba wanda ya ba wani haƙuri. Ni dai ban ga laifin Umma can ba, abin da ta taso ta ga ana yi ta yi. Kawu ma daga baya ya ce mini kansa ya fi jin haushi, don yana zaune aka fita da yaron.

Bayan wannan ne ya fara tafiya da Auta jana'iza. Farkon abin ba daɗi. Auta ya yi dariya ana tsakiyar salla, wata rana ya riƙe makara ya ƙi saki, wata rana ya tambayi mutane da ƙarfi me ya sa aka naɗe mutum ba ya numfashi. Aka yi ta gunaguni. Wani dattijo ya tare Kawu ya ce, "Malam, maƙabarta ba wajen irin waɗannan ba ce." Kawu ya ce, "Alhaji, ai shi ma can za a kai shi." Bai fasa ba. Amininsa Ladan, mai kiran salla a masallacin unguwa, shi ne ya tsaya masa, ya riƙa buɗa wa Auta wuri a jikin makara yana ce wa matasa su matsa.

Yana da wasu takalman roba baƙaƙe masu kauri da ba ya sa su sai za shi maƙabarta, saboda ƙaya. A ƙarƙashin gungumen bugu suke zama. Ya mayar da ɗauko su aikin Auta. Da an yi sanarwar rasuwa a lasifikar masallaci, ko Auta ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar wani gida, sai ya ruga ya ɗauko takalman, ya kakkaɓe, ya ajiye a gaban ubansa ya ce, "Baba, tashi, za a tafi a bar mu." Su tafi tare. Ya koyi sa kafaɗa, ya koyi bari wani ya karɓe shi, ya koyi tsayawa shiru a bakin kabari, ya koyi dumbuzar ƙasa ya zuba. Ya koyi miƙa hannu ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." A hanyar dawowa kuma kullum magana ɗaya Kawu ke nanata masa: "Wanda ka ɗauka, ka sa masa ƙasa da hannunka, ba ya dawowa. Mu ne za mu je mu same shi."

Ni ma da farko na ɗauka neman lada ne. Sai wata ranar Juma'a bayan na yi aure, na kawo musu abinci, na tarar da shi zaune a soro ya ajiye mabugi, yana kallon Auta na barci a kan tabarma. Na ce, "Kawu, wannan yawon jana'iza da jininka a sama, ba za ka rage ba?"

Ya ce, "Uwata, ni ba mutuwa nake tsoro ba. Washegarinta nake tsoro. Ci da sha ban damu ba, yayansa ba zai bar shi da yunwa ba. Amma kin ga yadda yake jiran uwarsa. In na tafi bai gani ba, mutum biyu zai zauna jira a soron nan har ya mutu. Wannan ne ke hana ni barci." Ya share fuska da hannun riga. "Ranar da aka ɗauke ni, a bar shi ya sa kafaɗa. A bar shi ya zuba ƙasa. Ko zai yi ihu, ko zai yi birgima, a bar shi. Shi ke nan abin da nake so."

Na ce, "To ka faɗa wa Yaya mana, ai shi ne babban ɗanka, shi za a saurara."

Ya kau da kai ya ce, "Zan faɗa masa."

Bai faɗa ba, kuma na san ba zai faɗa ba. Yaya ɗan farinsa ne. Kawu mutumin da ne, ko sunansa bai taɓa kamawa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". In Yaya ya zo gaisuwa ya durƙusa, Kawu bango yake kallo yana amsawa, maganarsu ba ta wuce ya aiki, ya iyali. Mutumin da ke kunyar tambayar ɗansa ko ya ci abinci, ta ina zai fara yi masa zancen makararsa? Ni na gwada. Amma ni da Yaya taubasai ne, 'yar mace da ɗan namiji, tun muna yara babu abin da ke haɗa mu sai tsokana. Da na soma sai ya ce, "Taubashiya, kin fara ko? Tsohon nawa kike yi wa fatan mutuwa don ki gaji gungume?" Na ce wallahi da gaske nake. Ya ɗaure fuska ya ce, "Allah ya ja kwanansa. Bar wannan zancen, ba kyau." A nan maganar ta tsaya.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Yaya mugu ne. Shi ke sayen maganin Kawu, shi ke ɗinka wa Auta kayan salla. Shekarar da kasuwa ta yi masa kyau ya biya wa ubansa kujerar Makka, ya aiko a faɗa masa. Kawu ya ce a gode masa, a ba Umma. Yaya ya ji ciwon abin ƙwarai, ya ɗauka raini ne. Ni kaɗai Kawu ya ce wa, "In ce wa Auta na tafi Makka? In kuma na dawo, ai na tabbatar masa uwarsa na hanya ke nan." Haka ya mutu ana ce masa Malam, sa'o'insa duk Alhazai.

Shi kuwa telan da ya yi ta kuka, sai a zaman makoki matarsa ta ba ni labari. Suna da yarinya mai irin lalurar Auta, sun ɓoye ta a ɗaki shekara da shekaru, ko maƙwabta ba su san kamanninta ba. Kawu ya ji kukanta ta katanga. Bai yi wa telan wa'azi ba. Ya riƙa kai masa ɗinkin da ba ya buƙata, yau aljihu, gobe wuyan riga, ya zauna a shagon da Auta a gefensa. A hankali har telan ya buɗe baki. Ta ce abin da Kawu ya faɗa wa mijinta shi ne, "In ka ji kamar ka gudu ka bar gidan, ba kai kaɗai ba ne, ni ma na sha ji. Zo ka zauna a sorona har ya wuce." Yanzu yarinyar na fitowa ƙofar gida da yamma ta sha iska.

Bara Ladan ya rasu. Na tsorata da yadda Kawu zai ɗauki abin, don tare suka yi makarantar allo. Auta ya ɗauko takalma, suka tafi. An ce Auta ya sa kafaɗa tun daga ƙofar gida, ya zuba ƙasa, bai yi ko tari ba. Da magariba wani ya kira salla, Auta ya saurara ya ce, "Ba Ladan ba ne. Ladan ba ya dawowa, na sa masa ƙasa." Ina wurin. Kawu ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, amma fuskarsa wallahi kamar wanda aka yi wa albishir. Ranar da ya binne amininsa ita ce rana ɗaya tak da na ga ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari. Abin da bai lissafa ba shi ne, Ladan ne kaɗai namijin da ya san dalilin, kuma shi yake sa ran zai tsaya a kan maganar.

Kawu ya rasu da safe, bayan ya dawo daga masallaci ya ce kansa na sarawa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Auta na barci. Ni gidana da nisa, kafin in iso gida ya cika. Na shiga ina kuka, kuma abin da ya fara fita daga bakina shi ne tambayarsa: "Ina Auta?"

Matar Yaya ta ce, "An kai shi gidan yayarsa tun ɗazu, a adaidaita. An ce masa za a ba shi waina."

Gidan yayar tasa yana can bayan gari. Na miƙe na nufi soro, na tsaya daga bakin ƙofa, don maza sun cika shi, na aika a kira mini Yaya. Ya zo idonsa jajir. Na ce, "Yaya, don girman Allah a dawo da Auta kafin a ɗauki Kawu. Wasiyyarsa ce."

Ya ce, "Ni bai bar mini wannan wasiyya ba."

Na ce, "Ni ya bar wa. Na taɓa faɗa maka."

Ya ce, "Ki yi wa Allah ki bar ni da abin da nake ji. Gawar wani daban, ta ubansa daban. In ya faɗa kabarin fa? In ya yaye likkafani a gaban jama'a? Ke za ki riƙe shi, kina cikin gida?"

Na ce, "Ko zai yi birgima a bar shi, haka ya ce."

Umma ce ta taso, da sandarta, ita da ta yi kuskuren farko. Ta ce, "Ɗan nan, ka ji maganarta. Ni na san abin da na jawo." Yaya ya ce to a kira su a waya. Na kira yayar, ta ce ga su nan za su nemi abin hawa. Amma an riga an yi wanka, an haƙa kabari, rana na ɗagawa, mutane sun cika lungu har bakin titi. Na ji muryar dattawa daga soro ana cewa ba a jinkirta gawa, ba a sa jama'a jira saboda wanda alƙalami ma bai hau kansa ba. Babu wanda ya faɗa da mugunta. Ina tsaye a bayan ƙofa na ji an ɗaga shi, na ji takun mutane na nisa. Mutumin da ya raka kowa, kowa ya raka shi, ban da mutum ɗaya da ya roƙa.

Sai bayan azahar suka iso, cunkoso ya riƙe su a hanya. Ina leƙe ta soro lokacin da Auta ya sauko. Ya ga tabarmi, ya ga mutane a zazzaune, nan take ya gane. Ya gyara hularsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Har Yaya ya miƙa wa hannu. Duk abin da ubansa ya koya masa ya yi, bai kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya shigo soro da sauri, ya durƙusa, ya zaro takalman daga ƙarƙashin gungume, ya kakkaɓe su, ya wuce ni ya tsaya a ƙofar ɗakin Kawu.

"Baba, tashi, an yi rasuwa. Za a tafi a bar mu."

Babu macen da ta iya ɗaga kai a tsakar gidan nan.

Washegari Yaya da kansa ya kama hannunsa ya kai shi maƙabarta. Shi ya ba ni labari, yana yi yana kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya nuna masa kabarin ya ce, "Ga Baba nan. Ya rasu, ba ya dawowa." Ya dumbuzo ƙasa ya zuba masa a tafin hannu ya ce ya sa. Auta ya dubi tudun, ya dubi ƙasar, ya karkaɗe hannunsa a jikin riga. Ya ce, "Wannan an riga an rufe. Ban ɗauka ba." Yaya ya yi ta nanatawa har muryarsa ta dushe. Auta ya gyaɗa kai, kamar yadda yake yi wa zancen Iya, ya ce su koma gida kada Baba ya dawo bai same shi ba.

Yanzu Yaya ya dawo gidan da iyalinsa, don Auta ya ƙi kwana ko'ina sai nan. An ce mini Yaya ya fara tsayawa a ƙarshen sahu, kuma in na gaishe shi sai ya waiga tukuna kafin ya amsa. Tsokanar da ke tsakaninmu ta mutu.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka, ya ba ka barcin da ba ka samu a duniya ba. Ya haɗa ka da Iya a inda babu fargaba. Mu kuma ya yafe mana.

Shekaranjiya aka yi sanarwar rasuwar wani mai kayan miya a lasifikar masallaci. Ina gidan. Auta ya ɗauko takalman ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya kira, ya sake kira. Yaya ya fito ya ce, "Kawo in sa, mu je ni da kai." Auta ya rungume su a ƙirji ya ce, "Na Baba ne." Aka ɗauki gawar, aka kai, aka dawo, yana nan tsaye.